Zaɓen CPU ga kwamfutar manyan wasanni da aiki mai nauyi

Wanda ya ƙudura haɗa kwamfutar da zai buga manyan wasanni da ita, ya kuma yi tace bidiyo ko zanen 3D ko rubuta manhaja, tambayarsa ta farko ba ta wuce wace CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ce ta fi ƙarfi. Tambayar ba ta da amsa guda, domin wasa da aiki ba abu ɗaya suke nema ba. A cikin CPU akwai ƙananan masarrafai, kowanne yana riƙe nasa aikin, su ne ƙwayoyin da kake ji ana cewa 8 ko 16. Wasa yana son ƙwayoyi daidai gwargwado masu saurin gaske, da babbar ma'ajiya kusa da su. Aiki kuwa iri-iri ne: wani duk yawan ƙwayoyin da ka ba shi zai cinye, wani ko 64 ka ba shi zai ɗauki biyu ya bar sauran suna zaman banza. Shi ya sa CPU mafi tsada tana iya ba ka firem, wato hotunan da wasa ke nunawa a kowace daƙiƙa, ƙasa da wadda ba ta kai rabin kuɗinta ba. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne aikin da ke sa ka zauna jira.

Mataki na 1: Gano aikin da ke cin lokacinka

Rubuta manhajojin da kake buɗewa a mako, da wasannin da kake bugawa da gaske, ban da waɗanda kake burin taɓawa wata rana. A gaban kowace manhaja ka sa abin da ke ɓata maka rai a cikinta. Fitar da bidiyo ne ke daɗewa? Hoto ne ke cijewa idan kana tacewa? Harhaɗa kod ne, wato mai da rubutun manhaja ya zama abin da kwamfuta za ta kunna? Ko juya zane a sikirin?

Ayyukan sun kasu gida uku. Na farko su ne masu dogaro da saurin ƙwaya ɗaya: yawancin abin da ake yi a Photoshop, zane a AutoCAD, ƙera siffa a SolidWorks. Waɗannan mataki-mataki suke tafiya, sai an gama na baya ake yin na gaba, don haka ba su rabuwa da kyau. Na biyu su ne masu rabuwa: renda (fitar da cikakken hoto daga zanen 3D) da CPU a V-Ray ko Corona ko Arnold, matse bidiyo da x265, harhaɗa babbar manhaja, kunna kwamfutocin gwaji da yawa a cikin kwamfuta ɗaya, da lissafin kimiyya. Na uku su ne waɗanda nauyinsu ya koma kan katin hoto, wato GPU: renda a Blender da OptiX, Redshift, Octane, gyaran kala da rage ƙura a DaVinci Resolve, da yawancin aikin ƙirƙirarriyar basira. Wannan gida na uku ne ke yaudarar mutane. Mutum zai ce shi mai 3D ne, ya sayi ƙwayoyi 24, alhali rendarsa duk a kan GPU take gudana.

Ko a gida na biyu, ƙarin ƙwayoyi yana da iyaka. Tun 1967 Gene Amdahl ya fito da lissafin. Ɗauka kashi 90 cikin ɗari na aikinka yana rabuwa, kashi 10 ba ya rabuwa. Ƙwayoyi 8 za su ninka saurin kusan sau 4.7, ƙwayoyi 16 sau 6.4, ƙwayoyi 64 kusan sau 8.8, kuma duk yawan da ka ƙara ba za ka wuce sau 10 ba. Ka ga daga 16 zuwa 64 an ninka ƙwayoyi sau huɗu, amma ribar ba ta kai rabi ba.

Kada ka yi hasashe, ka auna a kwamfutar da ke hannunka yanzu. Buɗe Task Manager, shiga Performance, danna dama a kan zanen CPU ka canza shi zuwa Logical processors. Sai ka fara aikin nan mai nauyi ka sa ido. Idan duk akwatunan sun cika maƙil, ƙarin ƙwayoyi zai amfane ka. Idan ɗaya ko biyu ne suka cika sauran na kwance, saurin ƙwaya kake buƙata. Idan kuma GPU ce ta kai ƙololuwa CPU tana hutawa, to kuɗinka katin hoto ya kamata su nufa. Leƙa RAM ma: idan ta kusa cika, wataƙila ita ce ciwon tun farko.

Mataki na 2: Monita ce ke faɗar yadda wasa zai wahalar da CPU

Kowane firem da kake gani, CPU ce ke shirya shi: ta lissafa motsi, abokan gaba, karo da faɗuwa, sannan ta miƙa wa GPU ta zana. Wadda ta fi jinkiri a cikinsu ita ke riƙe saurin. A firem 60 a daƙiƙa, kowane firem yana da milisakan 16.7. A 144 ya koma 6.9. A 240 bai wuce 4.2 ba. Ƙara girman hoto daga 1080p zuwa 4K yana ninka ɗigon da GPU za ta zana sau huɗu, amma aikin CPU kusan yana nan yadda yake. Saboda haka mai monitar 4K ta 60Hz ko 120Hz, wanda ke cika saitin wasa har ƙarshe, da wuya ya ga bambanci mai yawa tsakanin manyan CPU na zamani. Mai 1080p ko 1440p a 240Hz zuwa sama shi ne zai ji bambancin a hannunsa.

Sai dai abubuwa uku sun rage ƙarfin wannan ƙa'ida. Na ɗaya, DLSS da FSR suna zana hoto ƙarami su faɗaɗa shi, don haka mai cewa yana wasa a 4K sau da yawa 1440p ko ma 1080p katinsa ke zanawa, nauyi ya dawo wa CPU. Na biyu, kunna bin sawun haske (ray tracing) yana ƙara wa CPU aiki, ba GPU kaɗai ba. Na uku, akwai wasannin da tun asali CPU suke ci: Microsoft Flight Simulator, Cities: Skylines II, Factorio, Stellaris idan wasa ya yi nisa, Counter-Strike 2 ga masu neman ɗaruruwan firem, da duk wasan intanet da ke tara mutane da yawa wuri guda.

Kuma matsakaicin firem ba shi ne labarin duka ba. Masu gwaji suna ba da lamba ta biyu, wato kashi 1 mafi muni na firem ɗin. Ita ce ke nuna ƙaramin cijewar nan da ke zuwa daidai lokacin da faɗa ya yi zafi. Matsakaici 140 da mafi muni 110 ya fi daɗin bugawa a kan matsakaici 160 da mafi muni 70.

Mataki na 3: Koyi karanta lambobin da ke jikin kwali

GHz na nuna yawan bugun agogo ne kawai, ba ya nuna aikin da ake yi a kowane bugu. Sabon ƙira a 5.2 GHz yana iya barin tsoho mai 5.8 a baya. Kwatanta GHz yana da ma'ana ne tsakanin CPU 'yan gida ɗaya, tsara ɗaya.

Yawan ƙwayoyi ma sai an tambayi irinsu. Tun tsara ta 12 a 2021, Intel tana haɗa iri biyu: manya masu alamar P don sauri, da ƙanana masu alamar E don ɗaukar aikin da ke rabuwa. Core Ultra 9 285K tana da 24, amma 8 ne manya, 16 ƙanana. Ryzen 9 9950X tana da 16, duk iri ɗaya, kowacce na riƙe zaren aiki biyu, jimla 32. Ita 285K zarenta 24 ne, domin Intel ta cire Hyper-Threading a wannan tsarar. Ka ga 24 da 16 a nan ba abin da za a jera a ce wannan ta fi ba ne. A aikace kusa suke da juna, kowacce da inda take cin ɗaya.

Lambar da ta fi tasiri a wasa, kuma mutane suka fi tsallakewa, ita ce ma'ajiyar L3, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin CPU ɗin kanta. RAM tana da nisa a ma'aunin CPU: zuwa ɗauko bayani daga can yana cin bugun agogo ɗaruruwa, alhali L3 ba ta wuce gommai. Kamar makanike ne da ya jera sifanunsa a gefen hannu, da wanda sai ya tashi ya je akwati duk lokacin da zai canza ɗaya. Wasa yana yawan tsalle daga wannan bayani zuwa wancan ba tare da tsari ba, don haka duk abin da ya samu zama a L3 riba ne. AMD ta gano haka ta ɗora ƙarin 64MB a kan guntun CPU, ta kira shi 3D V-Cache. Ryzen 7 5800X3D ce ta fara a 2022, sai 7800X3D a 2023, sai 9800X3D a Nuwamban 2024, kowacce da L3 mai 96MB. A ta ƙarshen an mai da ƙarin ma'ajiyar ƙarƙashin ƙwayoyi maimakon samansu, zafi ya samu hanyar fita kai tsaye, shi ya sa agogonta ya kai 5.2 GHz. Don kwatance, L3 ɗin 285K 36MB ce.

Amma ka riƙe wannan: renda da matse bidiyo ba su cika damuwa da babbar L3 ba. Harafin X3D, alamar CPU mai wannan ƙarin ma'ajiya, na wasa ne da wasu ayyuka ƙalilan.

TDP kuma, wato lambar wat da aka rubuta a kwali, ba ita ce iyakar wutar da CPU ke sha ba. 285K an rubuta mata wat 125, amma an yarje mata ta kai 250 idan aiki ya yi nauyi. 9950X an rubuta 170, tana kaiwa wajen 200.

Mataki na 4: Tace 'yan takara

Sunayen da ke ƙasa na tsarar 2024 da 2025 ne. Sababbi za su zo, amma kujerun da suke zaune a kai ba su cika canzawa ba, don haka ka nemi magajin kowacce.

Idan wasa ne kashi mafi yawa, aikin kuma tace bidiyo ne na lokaci-lokaci, Photoshop, ko 3D da ke renda a GPU, Ryzen 7 9800X3D ta isa har ta yi saura. Ƙwayoyi 8, zare 16, duk a guntu ɗaya, ba wani saiti na musamman. A wasa sau da yawa ba ta kai wat 100. A ganina rabin masu cewa suna son kwamfutar wasa da aiki nan ya kamata su tsaya, su zuba ragowar kuɗin a katin hoto da RAM.

Idan da gaske kana yin biyun, wato da rana CPU tana renda ko harhaɗa kod na sa'o'i, da dare kuma kana son firem mafi yawa, Ryzen 9 9950X3D ta Maris 2025 aka yi dominka. Ƙwayoyi 16, L3 mai 128MB, agogo har 5.7 GHz. Sai dai ka san yadda aka gina ta. Guntaye biyu ne, kowanne da ƙwayoyi 8, kuma ɗaya ne kawai ke da ƙarin ma'ajiya. Idan wasa ya bazu a kan guntayen biyu, bayani zai riƙa ƙetarawa daga wannan zuwa wancan, jinkiri ya shigo. Maganin da AMD ta yi shi ne direban chipset ɗinta (manhajar da ke tafiyar da guntun da ke kan madabod), tare da Xbox Game Bar na Windows, su gane wasa ya tashi su kwantar da guntun da ba shi da ma'ajiyar. Yawanci yana aiki lafiya. Amma masu sha'awar share duk abin da ya zo da Windows, su sani idan suka cire Game Bar sun cire wa CPU ɗin ido.

9900X3D mai ƙwayoyi 12 tana kama da tsaka-tsaki mai kyau, amma rabonta 6 da 6 ne, ma'ana wasa yana samun ƙwayoyi 6 ne kawai masu babbar ma'ajiya. A wasa ba ta kai mai 8 ba, a aiki ba ta kai mai 16 ba. Kada ka ɗauke ta sai idan farashinta ya sauka sosai.

Idan aiki ne gaba, wasa kuma a 4K kake yi, 9950X marar X3D za ta ba ka kusan duk ƙarfin aikin da ƙaramin kuɗi. Tsarin Zen 5 da aka gina Ryzen 9000 a kai yana da cikakken AVX-512, wanda wasu manhajojin kimiyya da lissafi ke amfana da shi sosai, kuma CPU ɗin Intel na gida na wannan tsarar ba su da shi.

Ɓangaren Intel fa? Core Ultra 9 285K ta fito a Oktoban 2024. A renda da aikin da ke rabuwa tana kafaɗa da kafaɗa da 9950X, tana shan wuta ƙasa da magabaciyarta, kuma ba ta cin wuta sosai idan kwamfuta na zaune. A wasa kuwa tana bayan X3D, wani lokaci ma bayan 14900K da ta gada. Inda take da hujja mai ƙarfi shi ne tace bidiyo. Ƙaramin GPU da ke cikinta yana da Quick Sync, mai buɗe bidiyon HEVC 10-bit 4:2:2 da kyamarori da yawa na Sony da Canon da Panasonic ke ɗauka. Shekaru da dama wannan shi ne dalilin da masu Premiere Pro da Resolve suka manne wa Intel. Katunan RTX 50 na Nvidia yanzu suna buɗe 4:2:2 da kansu, don haka hujjar ta ragu ga mai sayen sabon kati, amma tana nan ga mai RTX 40 ko ƙasa. Idan don Quick Sync ka zo, guji mai harafin F a ƙarshen suna, irin su 265KF, domin an kashe GPU ɗin cikinta. Core Ultra 7 265K, mai manya 8 da ƙanana 12, ita ce ta fi dacewa da kuɗinta a wannan gidan.

Game da Core i9-13900K da 14900K: suna da sauri har yanzu, amma a 2024 Intel ta tabbatar da matsalar wutar da ta wuce kima tana lalata wasu CPU na tsara ta 13 da 14 sannu a hankali. Ta fitar da gyara ta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Don haka sayen ta hannu caca ce, kuma soket ɗinsu (mazaunin CPU a madabod) LGA 1700 ya zo ƙarshen hanya. Ga sabon gini mai tsada ba na ba da shawararsu.

Mataki na 5: Shin kana buƙatar Threadripper?

Threadripper ita ce babbar CPU ɗin AMD ta aiki mai nauyin gaske, kuma yawanci amsar a'a ce. Amma ga yadda za ka gane.

CPU ɗin gida, AMD ko Intel, layukan PCIe 24 suke ba ka ka yi amfani da su, wato hanyoyin da katin hoto da SSD ke bi su isa CPU. Katin hoto ya ɗauki 16, SSD biyu su ɗauki 8, an gama. Sauran kaya sai su bi ta chipset su yi rabon hanya ɗaya. RAM kuma hanya biyu ce: a DDR5-6000 iyakar lissafi 96GB a daƙiƙa, yawanta kuma 192GB ko 256GB gwargwadon madabod. Threadripper a bod ɗin TRX50 yana da hanyar RAM 4 da ƙwayoyi har 64. Threadripper PRO a WRX90 yana da hanya 8, layukan PCIe 5.0 guda 128, ƙwayoyi har 96. Intel ma tana da Xeon W a wannan fagen.

To, idan za ka sa katin hoto biyu ko uku kowanne da cikakkun layukansa, ko SSD da yawa da katin sadarwa mai sauri, ko aikinka na cin RAM sama da 256GB, ko lissafin kwararar iska da ruwa kake yi wanda faɗin hanyar RAM ke riƙe shi, to ka shigo gidan. Ka shirya wa wat 350 na CPU kaɗai, RAM nau'in RDIMM da ba ta shiga bod ɗin gida, da madabod mai tsadar gaske. Kuma duk da haka a wasa 9800X3D za ta wuce ka. Wasu da suka kai wannan matsayi kwamfuta biyu suke haɗawa, kuma ba su yi wauta ba.

Mataki na 6: Soket, madabod da RAM tare ake zaɓensu

CPU ba ta zuwa ita kaɗai. Ryzen 7000 da 9000 soket AM5 suke hawa, Core Ultra 200S (gidan 285K da 265K) kuma LGA 1851, duka biyun DDR5 zalla. A 2024 AMD ta yi alƙawarin riƙe AM5 har 2027 zuwa gaba, kuma tana da tarihi: AM4 ya ɗauki Ryzen na farko a 2017 har 5800X3D a 2022. Idan kana da niyyar canza CPU nan gaba ba tare da sake bod ba, wannan abin lura ne.

Sunan chipset ba ya ƙara firem. B850 mai kyau zai tafi da 9950X3D daidai da X870E. Abin da kake biya a manyan bod shi ne yawan ramukan SSD, USB4 da sauran mashigai. Ga ƙwayoyi 16 ka duba bod ɗin yana da ƙarfen sanyaya mai kauri a kan sashen da ke rarraba wa CPU wuta. Sannan ka sauke littafin bod ɗin kafin ka biya kuɗi, ka nemi shafin rabon layuka. A bod da yawa, sa SSD a wani rami yana rage katin hoto daga layi 16 zuwa 8, ko ya kashe wasu mashigan SATA. Idan tsohon bod ɗin AM5 na jerin 600, irin su B650, ka samu, sai an sabunta BIOS kafin ya gane Ryzen 9000. Nemi mai maɓallin BIOS Flashback, wanda ke yin sabuntawar ko ba CPU a ciki.

A RAM, ga AM5 DDR5-6000 mai CL30 ko kusa da haka shi ne inda sauri da kwanciyar hankali suka haɗu. Core Ultra ta fi jure RAM mai sauri, musamman nau'in CUDIMM. 32GB ya isa wasa, 64GB shi ne mafarin aiki na gaske, masu 4K mai nauyi da kwamfutocin gwaji su duba 96GB ko 128GB. Babban abin kiyayewa: sanda biyu, ba huɗu ba. DDR5 ba ta son ramuka huɗu a cike; a takardar AMD kanta saurin da aka lamunce da sanda huɗu ya sauka zuwa 3600. Sayi biyu manya, 2×48GB ko 2×64GB, a kwali ɗaya. Kada ka ce za ka ƙara biyu daga baya. Mai buƙatar RAM mai gyara kuskure, wato ECC, ya tabbatar bod ɗin ya rubuta goyon bayanta ƙarara.

Mataki na 7: Zafi da wuta

CPU na zamani tana ƙara gudu ne har ta taɓa iyakar zafi ko ta wuta, don haka sanyaya mai rauni sauri yake sace maka. Iyakar Ryzen 9000 digiri 95 ce, ta 285K 105. Ganin 85 a tsakiyar renda ba abin tashin hankali ba ne. 9800X3D babbar na'urar sanyaya mai hasumiya biyu ta ishe ta. Ga 9950X, 9950X3D da 285K, idan za su yi sa'o'i a cike, mai ruwa ta 360mm ta fi shiru da riƙe gudu, ko da yake manyan masu iska ma suna iyawa. Auna tsayin na'urar da faɗin akwatin kwamfutar kafin saye.

A lissafin wuta katin hoto ne babba. RTX 5090 kaɗai wat 575 ne, Nvidia kuma wat 1000 ta ba da shawara ga na'urar ba da wuta. Haɗa shi da CPU mai shan 200 zuwa 250, ka ga 1200 ba almubazzaranci ba ne. Nemi mai ƙa'idar ATX 3.1.

Mataki na 8: Duba gwaji kafin ka biya

Nemi gwajin manhajarka da sunanta. Puget Systems suna auna Premiere Pro, Resolve, Photoshop da makamantansu ɗaya bayan ɗaya. Phoronix na masu Linux ne da harhaɗa kod. Gamers Nexus, Hardware Unboxed da TechPowerUp suna auna wasanni da yawa har da kashi 1 mafi muni. Karanta aƙalla biyu. Shafukan da ke tattara komai su ba CPU maki ɗaya, ka wuce su.

Za ka ga ana gwada CPU a 1080p da kati mafi ƙarfi, ka ce ai ba wanda ke wasa haka. Da gangan ne: an cire GPU daga hanya don a ga iyakar CPU. Lambar tana gaya maka rufin da ba za ka wuce ba ko wane kati ka saya bayan shekara uku. Sai ka duba gwajin katinka a girman monitarka. Ƙaramar lamba a cikin biyun ita ce abin da za ka gani. Duba ranar gwajin ma, domin sabunta BIOS da Windows na canza sakamako. Windows 11 24H2, alal misali, ta ƙara wa Ryzen sauri a wasanni da dama. Cinebench kuma renda yake aunawa, ba wasa ba.

Mataki na 9: Bayan haɗawa, tabbatar ka samu abin da ka saya

A AM5 da LGA 1851 alluran suna jikin soket ɗin bod ne. Daidaita alamar kusurwa, ajiye CPU a hankali ba dannawa, kuma kada ka manta da cire ledar da ke ƙasan na'urar sanyaya kafin ka shafa man da ke kai zafi. Kunnawar farko tana iya ɗaukar mintuna sikirin na baƙi yayin da bod ke daidaita RAM. Ka yi haƙuri, kada ka kashe.

Sabunta BIOS, sannan a cikinta ka kunna EXPO ko XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, in ba haka ba RAM ɗinka ta 6000 za ta zauna a 4800 ko kusa da haka. Kunna Resizable BAR ma a cikin BIOS ɗin. Sa sabuwar Windows daga tushe maimakon ɗauko tsohuwa daga wata kwamfuta, musamman ga 9950X3D, sannan ka sauke direban chipset daga shafin AMD ko Intel kai tsaye.

Sai gwaji. Buɗe HWiNFO64, kunna Cinebench 2024 na minti 10, ka kwatanta makinka da na masu gwaji. Bambancin kashi biyu ko uku ba komai ba ne. Kashi goma zuwa sama na nufin zafi, ko iyakar wuta a BIOS, ko wata manhaja na ci a ɓoye. Bar MemTest86 ko OCCT su gwada RAM na 'yan sa'o'i kafin ka amince wa kwamfutar da aikin kuɗi, domin RAM marar tabbas ba kullum take kashe kwamfuta ba, wani lokaci fayil take ɓatawa shiru. Curve Optimizer, saitin rage ƙarfin wutar da ke shiga CPU, na iya rage zafin Ryzen, amma ga injin da ke renda cikin dare, ka rage kaɗan-kaɗan kana gwadawa, ko ka bar shi yadda ya zo.

A ƙarshe shiga wasanka da MSI Afterburner a kunne, don ta nuna maka aikin GPU da yawan firem. Idan GPU na zaune a kashi 97 zuwa 99, CPU ba ta riƙe komai. Idan GPU na ƙasa da haka sosai kuma firem bai kai na monitarka ba, duba ko an sa wa firem iyaka a saiti, duba EXPO ya kama, kuma a kan 9950X3D ka leƙa Task Manager: ƙwayoyi 8 na farko ya kamata su riƙe wasan, na guntu na biyu su kwanta. Idan duka 16 na motsi, buɗe Game Bar da Win+G, shiga saiti, ka sa alamar da ke gaya wa Windows cewa wannan wasa ne, sannan ka rufe wasan ka sake buɗewa.